Gadar Merv, Furannin Noelene

Duk wanda ya zauna a unguwar Corrabin, a gefen birnin Melbourne, ya san abu biyu ne ba a taɓawa a gaban Merv Trewin: ƙungiyar ƙwallon unguwa da tashar jirgin ƙasa. Ta ƙwallon ma da sauƙi, domin in an lallasa su yakan yarda an lallasa su, bayan ya gama yi wa alƙalin wasa wankin babban bargo. Amma tasha, kada ma ka fara. Ka kuskura ka ce fentinta ya koɗe, ka ja wa kanka tsayuwar da sai jirginka ya tafi ya bar ka.

Kuma tsakani da Allah, tashar ta isa a yi taƙama da ita. Tun zamanin Sarauniya Victoria aka gina ta da jan bulo, aka kafa mata rumfa a kan ginshiƙan ƙarfe masu ado, aka ajiye ta a tsakiyar layin dogo biyu, mai shiga Melbourne ta wannan gefen, mai fitowa ta wancan. Hanya ɗaya ce tak zuwa gare ta, wato gadar ƙafa. Ka hau matakala daga bakin titi, ka ƙetare saman dogo, ka sauka wata matakalar. Gefe da gefen gadar kuwa allunan ƙarfen zubi ne da aka fitar musu da zanen ganye da reshe, kai ka ce saƙa ce. Kakan baban Merv yana cikin waɗanda suka zuba su. Shi ma Merv a gidan zubin ƙarfe ya ƙare ƙuruciyarsa, shi ya sa in yana kan gadar nan hannunsa ba ya barin ƙarfen, kuma ba don tsoron faɗuwa ba.

Shekarun baya, da aka tashi rushe tashar a dasa wani akwatin siminti irin na Oakmere, tashar da ke gaba, Merv ne ya tsaya kai da fata. Ya bi gida gida, ya hana 'yan majalisa shan ruwa, ranar da motar rusau ta zo kuwa ta tarar da shi ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi yana cin burodinsa. Daga ƙarshe aka sa tashar cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa. Tun daga ranar ko ƙusa ba a kafa mata sai da izini. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya san izinin farko na Merv ne, don shi ne shugaban ƙungiyar masu kula da tashar, kuma hukuma ba ta da sha'awar sake karawa da shi.

Abin da baƙi suka fi ɗauka a hoto dai ba ƙarfen ba ne, duk da Merv ba zai taɓa yarda da haka ba. Furannin wardi ne da suka jeru a ƙarshen dandamali, ja da fari da ruwan goro. Matarsa Noelene ce ta shuka su. Sai dai ta daɗe rabonta da su, domin gwiwoyinta sun daina yarda da matakala. Yanzu a bayan gida take rainon sababbin rassa cikin gwangwanaye, in sun kama ta miƙa wa Merv, ta faɗa masa inda zai dasa da yadda zai rage musu reshe, ya ce to, ya haye gada ya yi yadda ya ga dama. Daga tagar kicin ɗinta tana hango rufin tashar da bututun hayaƙinta. Furannin kam gini ya kare su.

Ana nan hukuma ta turo wata injiniya, Thuy Lam, budurwa mai haƙurin gaske, ta zo taron ƙungiya da zane a hannu. Lifta suke so su kafa, wato na'urar hawa da sauka ba matakala, ɗaya a bakin titi ɗaya a dandamali, don tsofaffi da masu keken yara da duk wanda ƙafa ta gaza masa.

Ta ce, "Ba abin da za mu yanka, Mista Trewin. Allo ɗaya za a kwance a kowane gefe don a sami ƙofa, a adana su yadda suke."

Merv ya ce, "'Yata, kin iya zane, ban raina miki ba. Amma gadar nan ta ga yaƙin duniya biyu ba a cire mata ko noti ba. Ba a zamanina za a ɓare mata haƙori ba."

"To waɗanda ba sa iya hawa fa?"

"Ai unguwa ce, ba a rasa mai kama wa mace keken yaro. Wanda kuwa hawa ya gagara gaba ɗaya, ga bas nan a bakin titi. Ya hau zuwa Oakmere, can ba matakala, ya shiga jirgi ya sauka nan. Mene ne abin wahala?"

Aka yi masa tafi, don mutanen ƙungiya sun saba yi masa tafi. Ya koma gida ƙirji a gaba, ya tarar Noelene tana feren dankali, labari kuma ya riga shi isowa.

Ta ce, "Na ji ka sake cin yaƙi."

"An dai fahimci juna."

"Merv, zo nan. Leƙa tagar nan. Me ka gani?"

"Tasha mana."

"In na jefa dankalin nan sai ya faɗa kan kwanonta. Kai kuma kana ce min in hau bas, in je garin wasu, in jira jirgi, in dawo da baya, don in isa inda nake kallo ina wanke-wanke?"

"To ai hanya ce."

"Hanya ce ga baƙo. Ni ba baƙuwa ba ce."

Ya ɗauki jarida. A ransa ya ce taurin kai ne kawai irin nata. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa a gidan nan taurin kan ba a ɗaki ɗaya yake kwana ba.

Shekarar ce tashar za ta yi babban bikin tunawa da ranar buɗe ta. An sa rana cikin Nuwamba, lokacin da wardi ke kan ganiyarsa. Za a kawo tsohon jirgi mai kwal, za a fito da ƙararrawar tagulla ta hannu daga akwatin gilashinta a ɗakin jira, wadda shugabannin tasha na da suke kaɗawa kafin jirgi ya tashi. Wa zai kaɗa ta? Ba ma wanda ya yi tambayar. Merv ya fara haddace jawabinsa tun sanyi bai wuce ba, yana karanta wa butar shayi.

Sai ga wata safiya ta Agusta, iska mai sanyi tana kaɗawa daga teku, ya hau tsani zai kwashe ganyen da ya toshe indararon rumfa. An ce masa ya bari a kira masu aikin, ya ce ba su san kan kwanon ba. Tsani ya zame. Ƙashin kwatangwalo ya karye. Masu motar asibiti suka sha fama kafin su ƙetare da shi gadar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, suna haki suna tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakalar, shi kuwa daga kwance, yana cizon leɓe don azaba, yana ce musu su kula kada su goge fenti.

An yi aiki, an sa ƙarfe, an sallamo shi da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Likita ya ce tafiya za ta dawo sannu a hankali, amma dogon hawa, ya cire shi daga ransa a bana. Merv ya ce likitan yaro ne. Ya shiga gwaji a 'yar matakalar bayan gida, safe da yamma, yana zufa yana ƙunƙuni. Da Oktoba ta yi nisa sai ya lallaɓa shi kaɗai har gindin gada. Ya kama ƙarfen nan da ya sani tun yana yaro, ya ɗaga ƙafa, ya ɗora a matakin farko. Na biyun ne ya ƙi. Wani zafi ya tsarga masa daga ƙugu har tsakar kai, sai da ya ga duhu. Ya sauko da ƙyar, ya tsaya yana kankarar jikin ginshiƙi da farce kamar mai duba tsatsa, don kada masu wucewa su gane. Kusa da shi wata mata ce da tagwaye a keke tana waige-waige ko za ta ga mai kama mata. Ba kowa. Jirginta ya zo ya tafi suna tsaye su biyu, ba wanda ya kalli wani.

Da ya dawo gida Noelene ba ta tambaye shi inda ya je ba. Ta zuba masa shayi, ta turo masa kek mai kwakwa, ta bari sai da ya kai loma baki.

Ta ce, "Kada ka damu da ranar biki. Ga bas nan a bakin titi. Ka hau zuwa Oakmere, can ba matakala, ka shiga jirgi ka sauka nan. Mene ne abin wahala?"

Ya dire kek ɗin. "Ni? In shiga tashata ta ƙofar mutanen Oakmere? Su gan ni a akwatin simintinsu ina jiran jirgi kamar wanda ya ɓace? Gara in mutu."

"To ai hanya ce."

Ya ji maganar ta shige shi, ya kuma san daga bakin wa ta fara fitowa, amma girman kai ya hana shi ɗaga ido. Abin da ya cika masa zuciya a lokacin ma ba ita ba ce, kansa ne. Ƙararrawar nan wani zai kaɗa, wataƙila ma wani ɗan majalisa da bai san bambancin tagulla da gwangwani ba, shi yana zaune a kicin yana ji ta taga. Baƙin ciki ya hana shi barci, ya hana shi ci, har wandonsa ya fara zamewa.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Stavros Kalogeris, mai shagon soyayyen kifi da dankali a kan kwana, kuma shugaban ƙungiyar ƙwallo. Tare suka buga wasa da Merv a zamanin da gwiwa take gwiwa. Ya shigo da ƙunshin kifi yana ƙamshin mai, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Guduma, ka ga yadda ka koma? Kamar kazar da ruwa ya doka."

Guduma shi ne sunan Merv a filin wasa, kuma waɗanda suka kara da shi sun san dalili.

Merv ya ce, "In ba'a ka zo yi, ajiye kifin ka kama hanya."

"Magana na zo da ita. Ka tuna wasanka na ƙarshe?"

Yaya zai manta? Al'ada ce a nan, ɗan wasan da ya daɗe yana yi wa ƙungiya bauta, ranar da zai ajiye takalmi abokansa su ɗaga shi a kafaɗa su fitar da shi daga fili, 'yan ƙungiyarsa da abokan hamayya su yi layi biyu suna tafi ya ratsa ta tsakiya. Ranar ta Merv an shirya komai. Ana dab da tashi alƙali ya hura masa laifin da har gobe yake rantsuwa bai yi ba, ya faɗa wa alƙalin abin da ba ya maimaituwa, ya fice da ƙafarsa ya wuce gida da takalmin wasa. Aka bar masu kafaɗa tsaye suna kallon juna.

Stavros ya ce, "Ɗaukar nan tana nan, ba ta ruɓe ba. Yara sun ce ranar biki za su sauke nauyin."

"Ba wanda zai ɗauke ni kamar gawa."

"Wa ya ce gawa? Gawa tana da bakin nan naka? Ɗaukar girma ce, tsoho. Ka ƙi ta sau ɗaya don hauka. In ka sake ƙi, na rantse sai na sa an cire hotonka daga bangon kulob an maye da na alƙalin."

Noelene daga bakin murhu ta ce, "In kuka sake karya min shi, ku za ku yi jinya."

"A kujera za mu ɗora shi, uwargida. Al'ada ta ce kafaɗa, kwatangwalo ya ce kujera, sai mu haɗa musu biyun."

Merv ya yi ta gunaguni yana cewa shirme ne, amma ya cinye kifin tas, har da na Stavros.

Ranar biki gari ya waye da rana mai daɗi. Ƙamshin soyayyen soseji da albasa ya cika titi, masu bushe-bushe na makarantar unguwa suna ta ƙoƙarinsu, yara suna guje-guje da tutocin takarda. Merv ya iso gindin gada cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, Noelene a gefensa da sandarta da hularta mai faɗi. Yana ɗaga kai ya ga matakala ta cika daga ƙasa har sama, layi biyu, 'yan ƙwallon Corrabin cikin rigunansu kore da ruwan ƙwai. Tsakaninsu kuma ga wasu tsofaffi masu furfura cikin shuɗin Oakmere, mutanen da ya sha kai wa ƙasa a fili, sun zo da kansu.

Wani daga cikinsu ya ɗaga murya. "Guduma! Har yanzu haƙarƙarina yana gaishe ka!"

Ƙarti huɗu suka kawo kujerar katako daga kulob, suka zaunar da shi, suka ɗaga ta cak zuwa kafaɗa. Tafi ya ɓarke. Suka fara hawa a hankali, Stavros a gaba yana ba da umarni kamar mai fitar da babbar mota daga lungu. Merv ya so ya haɗe rai, abin ya gagara. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ga gadar kakanninsa a ƙarƙashinsa, ga unguwarsa tana kiran sunansa, ga abokan gaba suna tafa masa. Ya gyara zama, ya ɗaga hannu yana amsawa, a ransa yana cewa to wa ya ce ana bukatar lifta?

Da suka kai tsakiyar gada masu ɗauka suka tsaya su gyara kafaɗa. Duk tsawon rayuwarsa Merv a ƙafa yake ƙetare wurin nan, allunan ƙarfe sun kai masa ƙirji, idonsa kuma a kansu yake. Yau yana sama da su. Ya dubi hagu, ga dandamali, ga furannin wardi sun buɗe gaba ɗaya, sun yi kyan da bai taɓa lura sun yi ba. Ya dubi dama, ga gindin matakala. Jama'a duk sun biyo shi sun hau, sai wasu 'yan tsiraru da suka rage a bakin titi: wani tsoho a keken guragu, matar nan mai tagwaye, wasu tsofaffin mata biyu riƙe da juna. A gabansu Noelene, ta dogara da sanda, ta ɗaga kai tana yi masa murmushi tana ɗaga hannu. Murna take yi masa da zuciya ɗaya, kuma wannan ne ya fi komai yi masa ciwo. Daga inda yake zaune yana ganin ta yana ganin furanninta a lokaci guda, ita kuwa ba abin da take gani sai bangon bulo da bayan mutane.

Ya ce, "Stavros, a koma a ɗauko ta."

Stavros ya leƙa ya ƙwala kira. "Uwargida! Maigida ya ce a kawo miki kujera!"

Muryar Noelene ta taso sarai, har masu bushe-bushe suka ji. "Ka ce masa ni ba buhun dankali ba ce! Shi ɗan ƙwallo ne, hakkinsa aka ba shi. Ni da ƙafata zan shiga, ko in haƙura!" Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara, "Ka kuma tambaye shi wa zai ɗauke shi ranar Talata in zai je ganin likita!"

Aka fashe da dariya. Merv bai yi ba. Aka sauko da shi dandamali, aka ajiye kujerarsa a ƙarƙashin rumfa, daidai lokacin da jirgin kwal ya shigo yana huci, hayaƙi ya turnuƙe, yara suna ihu. Aka miƙa masa abin magana, aka ɗora masa ƙararrawar tagulla a cinya, an goge ta tana ƙyalli. Ya daɗe yana kallon ta. Jawabin da butar shayi ta haddace tare da shi ya ɓace masa.

Ya ce, "Kun san ni, kun san tashar nan. Ba ta da ta biyu a duk layin nan, kuma duk wanda ya ce tana da, ya same ni bayan taro." Aka yi tafi. "Kakan babana da abokan aikinsa sun zuba ƙarfen can don mutanen Corrabin su ƙetare dogo su hau jirgi. Don haka suka zuba shi. Ni kuwa na tsare shi, na tsare shi, har na tsare shi daga matata." Ya waiga. "Ina yarinyar nan mai zane? Thuy!"

Ta fito daga cikin jama'a riƙe da burodi da soseji, ta rasa inda za ta ajiye.

"Waɗanne alluna kika ce?"

"Na kusa da fitila, Mista Trewin. Ɗaya a kowane gefe."

"To ki ji da kyau. Ba wanda zai sa musu sifana sai ni. Ni zan kwance su, noti bayan noti, ko da a wannan kujerar za a kai ni. Kuma liftar nan, in aka shafa mata fentin da ba na tashar ba, sarƙata tana nan ban jefar ba."

Stavros ne ya fara magana. "Jama'a, ku riƙe ni. Guduma ya lanƙwashe, ni kuma zan faɗi."

Sai tafi, irin wanda ya fi na farko. Direban jirgi ya leƙo yana jiran ƙararrawa. Merv ya kama mariƙinta. Watanni ya yi yana mafarkin wannan lokacin, hannunsa har ƙaiƙayi yake. Ya riƙe harshenta da yatsa don kada ta yi ƙara, ya miƙa wa ɗan wasan da ke kusa da shi.

"Kai ta ƙasa, wurin uwargida. Hannu da hannu. Wanda ya bari ta yi ƙara kafin ta isa, zai gamu da ni."

'Yan ƙwallo suka sake jeruwa. Ƙararrawa ta bi matakala ta hau, daga kore zuwa shuɗi, daga shuɗi zuwa kore, ta ƙetare gada ta ɓace wa Merv. Bai ga lokacin da ta isa ba, gini ya kare. Ya zauna yana saurare, kamar yadda Noelene ta saba zama. Can sai ga ta, daga bakin titi, ƙara mai kauri, ana kaɗa ta da ƙarfin mace mai murza ƙullin burodi, ba sassauci. Jirgi ya amsa da doguwar jiniya, fararen aku suka tashi daga bishiyoyi suna masifa. Merv ya zaro hankici ya ce hayaƙin kwal ne ya shiga masa ido.

Aikin bai yi sauri ba, aikin hukuma ne. An yi taro a kan taro, rabinsu kuma Merv ne ya jawo su, a kan launin fenti. Ya kwance allunan da hannunsa kamar yadda ya ce, Thuy tana riƙe masa gwangwanin mai, aka kafa su a bangon ɗakin jira inda kowa zai iya shafawa. Sai da wardi ya zagayo ya sake buɗewa sannan aka gama kafa liftar, aka kira shi da Noelene.

Ba a yi biki ba, Noelene ta ce ba ta so. Wata safiya ce kawai, ta sa hularta mai faɗi, ta ɗauki sandarta, shi ma ya ɗauki tasa. Ita ta danna maɓallin. Suka hau, suka taka saman gada a hankali, hannunsa a kan ƙarfe, nata a kan hannunsa, suka sauka ɗaya gefen. Ƙofa ta buɗe a kan dandamali.

Ba ta kalli rumfa ba, ba ta kalli ɗakin jira ba. Kai tsaye ta nufi ƙarshen dandamali. Rassan da ta raina cikin gwangwani, 'yan tsirit, sun zama bishiyoyi har sun kai mata kafaɗa. Ta tsaya a gaban wani ja, ta tallabo fure ɗaya, ta kai hanci, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Merv ya tsaya nesa kaɗan, zuciyarsa tana bugawa fiye da ranar motar rusau, yana jiran abin da za ta ce.

Ta buɗe ido, ta sunkuya ta leƙa gindin bishiyar, ta bi na kusa da shi da kallo, ta bi na gaba.

"Merv."

"Na'am."

"Wa ya yi musu wannan askin?"

"Ni ne."

"Na sani. Tambaya ce kawai. Haka na ce ka rage su? Dubi nan, don Allah. Wannan ai ba ragi ba ne, ramuwar gayya ce." Ta goge ido da bayan hannu, ta miƙo masa tafinta. "Ba ni almakashin."

Yana aljihun kwat ɗinsa, don ya san za a rina. Ya miƙa mata, ya karɓi sandarta ya riƙe.

Jirgin Melbourne ya shigo ya tsaya. Wasu baƙi suka sauko da kyamara a wuya, suka ɗaga kai suna kallon ginshiƙai da adon rumfa, ɗayansu ya tambayi Merv ko ya san tarihin ginin. Shekara da shekaru wannan tambayar yake jira a bakin kowane baƙo. Ya gyara tsayuwa, sanda biyu a hannu, ya buɗe ƙirji.

Ya ce, "Ginin yana nan, ba inda za shi. Ku zo tukuna ku ga furannin nan. Waccan da kuke gani matata ce. Ita ta shuka su."